Raba Da Takwas: Lissafin Da Zai Nuna Maka Ainihin Gudun Intanet Ɗinka

A zangon karatun da ya gabata, malaminmu na darasin aikin talabijin ya raba mu rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya haɗo rahoton bidiyo na minti biyar, a ɗora a shafin darasin kafin ƙarfe shida na yammacin Juma'a. Ni aka ɗora wa alhakin turawa. Bayan mun gama yanke-yanke da gyaran sauti, bidiyon ya tsaya a MB 600. Shida saura kwata na isa wani shagon intanet da ke bakin ƙofar makaranta, wanda ya rataye ƙyalle an rubuta 20Mbps da manyan baƙaƙe. Na yi lissafi a kaina: 600 a raba 20, sakan 30 ke nan. Har na tsaya sayen awara, don a ganina lokaci na hannuna.

Bidiyon nan sai da ya ci kusan minti 27 kafin ya hau. Kafin nan shafin ya rufe. Sai da muka yi ta ba malam haƙuri, kuma duk da haka ya zaftare mana maki biyar. Da na koma ina yi wa mai shagon ƙorafi, dariya ya yi, ya ce: "Ƙanena, sake duban ƙyallen da kyau. Ƙaramin b ne a jiki, ba babba ba. Kuma wancan gudun saukewa ne, na ɗorawa bai fi uku ba."

Mutumin nan bai yi mini ƙarya ba. Ni ne ban san mudun da yake awo da shi ba. Na kuma tabbata ba ni kaɗai ba ne. Kai da kake karanta wannan a wayarka, ke ma da kike sayar da atamfa da turare a Instagram, kusan kullum ana jefo mana lambobi: megabit kaza, terabit kaza, kilomita dubu kaza na wayar fiba. Mu yi ta tafi, ko mu yi ta zagi, alhali ba mu san yadda za mu mayar da lambar zuwa abin da muke biya da kuɗinmu ba. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan rashin sanin ya ƙara tsada. Don haka yau lissafi za mu yi. Kada ka gudu, ba ya wuce rabawa da ninkawa.

Mudu biyu a kasuwa ɗaya

Ka ɗauka ka je kasuwa sayen gero. Mai hatsi yana faɗa maka farashi da kwano, amma idan ya zo ba ka labarin yawan kayansa sai ya koma ƙirge da gwangwanin madara. Dole lambar ta yi girma a kunne. Haka kasuwar intanet take.

Mafi ƙanƙantar awo a duniyar kwamfuta shi ne bit: ko sifili ko ɗaya. A cikin wayar fiba, wadda zare ne na gilashi siriri kamar gashin kai, mafi sauƙin misalinsa shi ne haske ya kunnu ko ya mutu. Idan aka tara bit takwas sai su ba da bayit ɗaya, wanda ya isa ya ɗauki harafi guda irin a ko b. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, bayit bibbiyu suke ci a tsarin rubutun da yawancin shafukan intanet ke amfani da shi.

Ga inda gizo ke saƙar. Gudun intanet da bit ake auna shi, shi ya sa kake ganin Mbps da ƙaramin b, wato megabit a sakan ɗaya. Amma girman hoto da bidiyo, da datar da kake saya, da bayit ake auna su, shi ya sa ake rubuta MB da GB da babban B. Tsakanin ƙaramin b da babban B akwai ninki takwas. Duk lokacin da aka ce maka gudu kaza ne, raba da takwas, sai ka ga megabayit nawa ke iso maka a sakan.

Mu koma shagon can. 20Mbps a raba takwas ya ba da MB 2.5 a sakan. Ko da a ce ni kaɗai ne a shagon, kuma gudun ɗorawa ya kai na saukewa, bidiyon MB 600 sai ya ci minti huɗu, ba sakan 30 ba. Da gudun 3Mbps kuwa, lissafin ya ba da sakan 1,600, kusan minti 27. Daidai abin da ya same ni. Da na san wannan, da ban tsaya wajen mai awara ba.

Akwai wani ɗan bambanci kuma. Masu sadarwa da masu ƙera ma'ajiyar bayanai kan ƙirga giga ɗaya a matsayin bayit 1,000,000,000 cif, amma wasu kwamfutoci da 1,024 suke ninkawa a kowane mataki, sai gigarsu ta zama bayit 1,073,741,824. Tazarar ta kai kusan kashi bakwai cikin 100. Shi ya sa za ka sayi filashi an rubuta GB 64, ka saka a kwamfuta ta nuna maka ƙasa da 60. Ba ɓera ne ya shiga ba, mudu ne ya sauya.

OC da STM: yaren 'yan sari

Mu masu waya 'yan sayen ɗai-ɗai ne. A samanmu akwai kasuwar sari, inda bankuna da jami'o'i da ma'aikatu da ƙananan kamfanonin intanet ke sayen layi daga manyan dillalai. Su kuma suna da nasu yaren. Idan ka taɓa duba tallar kwangilar haɗa intanet, ko takardar bayanin wani kamfanin sadarwa, wataƙila ka ci karo da kalmomi irin su E1, STM-1 ko OC-3. Ba tsafi ba ne, sunayen mudu ne.

A shekarun 1980 aka tsara ƙa'idoji biyu na tura bayanai ta cikin wayar fiba. Amurka da Kanada suka ɗauki wanda ake kira SONET, mai awo da OC. Sauran duniya, har da Najeriya, suka bi SDH, wanda hukumar tsara ƙa'idojin sadarwa ta duniya ta amince da shi a 1988, mai awo da STM. Tushen na Amurka shi ne OC-1, wato 51.84Mbps. Lambar da ke gaban OC tana gaya maka sau nawa za ka ninka wannan tushe. Tushen namu kuwa STM-1 ne, 155.52Mbps, wanda ya yi daidai da OC-3. Ga yadda suke hawa:

OC-3 ko STM-1: 155.52Mbps, wato MB 19.44 a sakan.
OC-12 ko STM-4: 622.08Mbps, wato MB 77.76 a sakan.
OC-48 ko STM-16: 2,488.32Mbps, wato kimanin MB 311 a sakan.
OC-192 ko STM-64: 9,953.28Mbps, wato kimanin GB 1.24 a sakan.
OC-768 ko STM-256: 39,813.12Mbps, wato kusan GB 5 a sakan.

Za ka ce me ya sa lambobin suka zo a karkace haka, ba a ce 150 ko 200 cif ba? Amsar tana cikin tarihin wayar tarho. Don a mayar da muryar mutum lambobi, injiniyoyi sun tsara a riƙa ɗaukar samfurinta sau 8,000 a sakan, kowane samfuri bit takwas. Wannan ya ba da bit 64,000 a sakan ga kira ɗaya. Layin E1 yana ɗaukar irin waɗannan gurabe 32, shi ya sa gudunsa ya zama 2.048Mbps. STM-1 guda kuma yana iya ɗaukar E1 har 63.

Ka ɗauki STM-1 kamar doguwar motar haya mai layin kujeru tara, kowane layi kujera 270, kowace kujera bayit ɗaya. Jimla kujera 2,430. Motar tana tashi daga tasha sau 8,000 a kowane sakan, ko ta cika ko ba ta cika ba. Ninka 2,430 sau 8, sannan sau 8,000, za ka samu bit 155,520,000. Ka ga inda 155.52 ta fito.

Sai dai ba duk kujerun ne na fasinja ba. A kowane layi, kujeru goma na direba da yaran mota ne, wato bayanan da ke kula da hanya, da gano kuskure, da daidaita lokaci. Saura 260 su ne na kaya. Idan ka sake lissafin da 260, abin da ya rage 149.76Mbps ne, kimanin MB 18.7 a sakan. Kafin saƙonka ya isa, ƙa'idojin intanet ma za su ɗebi nasu kason. Wannan shi ne darasi na biyu bayan raba da takwas: lambar da ke jikin takarda ta haɗa har da nauyin buhu, ba tsabar hatsi ba ce.

Gaskiya ne wannan tsari ya fara tsufa. Manyan hanyoyin sadarwa na yanzu sun koma layuka masu gudun gigabit 100 ko 400, kuma ana cusa launukan haske da dama cikin zare ɗaya, kowane launi da nasa kayan. Amma lissafin bai sauya ba. Ko da wane suna aka zo maka, tambayar ita ce: bit nawa a sakan, nawa ne na kaya a ciki, kuma mutum nawa za su raba?

Mutum nawa ne a kan akushin?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci, ita ce kuma ba a cika faɗa ba. A ce wata makaranta mai ɗalibai 30,000 ta sanar cewa ta sayi layin STM-1. A kunne abin alfahari ne. To a ce kashi ɗaya cikin goma na ɗaliban, mutum 3,000, sun hau a lokaci guda, kowa yana ƙoƙarin sauke wani abu. Raba 149.76Mbps gida 3,000: kowa ya tashi da kilobit 50 a sakan, ƙasa da abin da kiran tarho ɗaya na zamanin da ke ci. A bayit, kusan KB 6 ke nan a sakan. Hoto mai MB 3 sai ya ɗauki minti takwas.

Don adalci, ba kowa ne ke jan kaya a sakan ɗaya ba. Wani karatu yake yi, wani rubutu, wani ya ajiye wayar. Da wannan ne kamfanoni ke iya sayar wa mutane da yawa layi ɗaya, kuma ba laifi ba ne, haka harkar take a ko'ina. Matsalar tana zuwa ne idan an cika hannaye a akushi. Shi ya sa netwok ɗin da ke gudu kamar iska da ƙarfe uku na dare yake rarrafe da ƙarfe tara, lokacin da unguwa gaba ɗaya ta hau TikTok. Ƙarfen sabis ɗin unguwarku yana da iyakar abin da zai iya rabawa ta iska, layin da ya haɗa shi da sauran duniya shi ma yana da tasa iyakar. Ko wayarka ta nuna sandunan sabis sun cika, wannan shaida ce kawai cewa kana kusa da famfo. Bai nuna akwai ruwa a tanki ba.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa

Yanzu mu ɗauki wannan lissafi mu auna manyan labaran da ake yi mana. Kusan duk intanet ɗin da ke shigowa Najeriya daga waje ta ƙarƙashin teku yake zuwa. Tsohuwar wayar SAT-3 ta fara aiki a farkon shekarun 2000. A 2010 MainOne, ƙarƙashin jagorancin Funke Opeke, ta jawo waya mai tsawon kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Legas, a shekarar ce kuma Glo-1 ta fara aiki. WACS da ACE suka biyo baya a 2012. A watan Afrilun 2022 wayar Equiano ta kamfanin Google ta sauka a Legas, a 2024 kuma 2Africa, wadda Meta ke cikin jagororinta, ta sauka a Legas da Akwa Ibom.

An tsara Equiano ta iya ɗaukar terabit 144 a sakan. Raba da takwas: terabayit 18, wato fim mai GB 1 guda 18,000 a sakan ɗaya. Abin ya isa a jinjina. Amma ci gaba da lissafin. Terabit 144 daidai yake da megabit miliyan 144. Raba shi ga mutum miliyan 220, kowa bai samu cikakken megabit ɗaya ba. Kuma wayar ba tamu kaɗai ba ce, ta sauka a Togo da Namibiya da Afirka ta Kudu. Sannan 144 ɗin nan iyakar abin da aka tsara za ta iya ɗauka ne, ba abin da aka kunna ake amfani da shi yau ba. Ban kawo wannan don in raina wayar ba. Kamar yadda na ce, ba kowa ke hawa a lokaci ɗaya ba. Na kawo shi ne don ka ga yadda lamba mai tsoratarwa ke komawa girman mutum idan ka raba ta.

Muhimmancin waɗannan wayoyi ya fito fili ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, a makon farko na azumin shekarar. Wayoyi huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka samu matsala a tekun da ke kusa da gaɓar Kwaddibuwa. MainOne ta ce binciken farko ya nuna motsin ƙasa ne a ƙarƙashin teku. Idan ba ka manta ba, manhajojin wasu bankuna sun tsaya, masu POS suka yi ta ba kwastomomi haƙuri, Ghana da Laberiya da Kwaddibuwa su ma suka ji a jikinsu. Intanet bai ɗauke gaba ɗaya a Najeriya ba, domin akwai wayoyin da abin bai shafa ba, irin su Equiano da Glo-1, aka karkatar da kaya kansu. Amma hannaye sun ƙaru a akushi, rabon kowa ya ragu. Gyaran sai da ya ɗauki makonni.

Ga mu 'yan Arewa, babbar matsalar ba a teku take ba, a tudu take. Ruwan ya iso Legas, bututun da zai kawo shi Kano da Sakkwato da Maiduguri ne ƙarami, kuma kullum cikin fashewa. Masu harkar sun daɗe suna kokawa cewa jan layi daga Legas zuwa cikin ƙasa kan fi tsada a kan jan sa daga Turai zuwa Legas. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: kuɗin izinin haƙa da jihohi ke karɓa a kan kowace mita, da motocin aikin hanya da ke tsinka waya sau dubbai a shekara, da masu ɓarna, da tsadar man janareto. An daɗe da cimma matsayar karɓar Naira 145 a kan kowace mita, jihar Kaduna ma ta yafe kuɗin gaba ɗaya a 2020, amma ba kowace jiha ce ta bi ba. 'Yan'uwanmu na Nijar nasu ya fi namu wuya, don ba su da gaɓar teku, sai sun bi ta ƙasashen maƙwabta kafin su taɓa waɗannan wayoyi.

Kilomita ba gudu ba ne

A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wayar fiba, wanda Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya ce zai ɗaga abin da ake da shi daga kimanin kilomita 35,000 zuwa 125,000, a kan kuɗi kusan dala biliyan biyu. A shekarar ce kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Duka biyun matakai ne masu kyau, ina kuma fatan a gani a ƙasa.

Amma ka lura, kilomita awon tsawo ne, ba awon gudu ba. Waya na iya ratsa garinku ta bakin titi ta wuce, ba tare da an buɗe mata ƙofa ko ɗaya a garin ba, kamar bututun man da ya bi ta gonarka. Za a iya binne zaren gilashi a bar shi a duhu, ba a saka masa na'urorin da za su kunna haske a ciki ba. Don haka idan an zo ƙaddamarwa da yanka kirtani, tambayoyin da suka dace su ne: a ina wayar ta tsaya a ƙaramar hukumarmu? Gigabit nawa aka kunna? Makarantu da asibitoci nawa aka haɗa? Ƙarfen sabis nawa aka jona da ita? Idan ta tsinke, akwai wata hanya ta biyu?

Muna da abin da za mu auna alƙawari da shi. Shirin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar lokacin Isa Ali Pantami yana minista, ya sa burin a samu aƙalla 25Mbps a birane da 10Mbps a karkara, a kai kashi 70 cikin 100 na masu intanet mai ƙarfi, kuma GB ɗaya kada ya wuce Naira 390. Alƙaluman NCC na tsakiyar 2025 sun nuna ana ƙasa da kashi 50. Batun gudu kuwa, kai ne alƙali. 25Mbps a raba takwas ya ba da MB 3 da ɗoriya a sakan, wato bidiyo mai MB 100 ya sauka cikin sakan 32. A karkara, 10Mbps na nufin ya sauka cikin minti ɗaya da sakan 20. Gwada a unguwarku da ƙarfe tara na dare, ka gwada a ƙauyenku idan ka je hutu. Gani ya kori ji.

"Wallahi datata sata ake yi"

Babu ranar da za ka hau Facebook ba ka ga wannan kukan ba. Ba zan rantse maka cewa kamfanoni ba sa kuskure ba, kuma duk wanda yake da hujja ya kai ƙara. Amma kafin ka yi rantsuwa, yi wannan lissafin. Awa ɗaya sakan 3,600 ne. Raba da takwas, 450. Ma'ana, duk megabit ɗaya a sakan da wayarka ke ja ba tsayawa, MB 450 ne a awa. Bidiyon da ke cin 2Mbps zai lashe MB 900 a awa. Mai tsabta sosai da ke cin 5Mbps zai lashe GB 2.25. Idan ka kalli wasan ƙwallo na minti 90 a haka, ka haura GB 3 kafin alƙalin wasa ya hura tashi.

Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne, idan netwok ya yi kyau, manhajojin bidiyo da kansu suke ɗaga ingancin hoton ba tare da sun tambaye ka ba. Minti goman da ka saba kalla a da, yau ya ninka cin data, saboda hoton ya fi kyau. Ƙara da bidiyon da ke kunna kansu kana wucewa, da hotunan da ke hawa ma'ajiyar intanet da kansu, da manhajojin da ke sabunta kansu cikin dare. Gudu mai yawa alheri ne, amma famfo mai ƙarfi ya fi saurin ƙarar da tanki.

Mu ma 'yan jarida da namu laifin

A matsayina na mai koyon aikin jarida, dole in taɓa gidanmu. Sau da yawa na ga an fassara labari an mayar da gigabit ya zama gigabayit, ko an rubuta MB a inda ya kamata a ce Mbps. Harafi ɗaya ne, amma ya ninka alƙawari sau takwas. Mukan kuma kwafo lambar da ke cikin sanarwar manema labarai mu liƙa, ba tare da mun tambayi ko ta tsari ce ko ta aiki, ko kuma mutum nawa za su raba ba. Mai sauraro a Funtuwa ko Azare ba terabit ya dame shi ba. So yake ya san ko bidiyon kayansa zai hau kafin kwastoma ya gaji ya tafi, ko zai iya cike fom ɗin jarrabawa kafin shafi ya rufe. Aikinmu ne mu mayar masa da lambar zuwa minti da Naira.

Kai ma akwai naka. Idan za ka sayi na'urar intanet ta gida ko ta shago, tambayi gudun saukewa daban, na ɗorawa daban, musamman idan sana'arka ɗora bidiyo ce. Tambayi ko layin naka ne kai kaɗai ko na haɗaka ne. Idan ka ga an rubuta cewa gudun yana iya kaiwa kaza, ka san rufin ɗaki aka nuna maka, ba daɓe ba. Auna gudun da kanka sau uku, safe da rana da dare, ka ɗauki hoton sakamakon, amma ka tuna awon ma yana cin data. Shiga saitin wayarka ka ga wace manhaja ce ta fi ci. Idan lissafinka da na kamfani sun saɓa sosai, fara kai ƙorafi wurinsu ka karɓi lambar shaida, idan ba su share maka hawaye ba ka kira layin NCC na masu ƙorafi, 622. Ƙorafi mai lamba da kwanan wata ya fi zagi ɗari a ƙarƙashin wani fostin.

Idan kuma shugaban makarantarku ko ɗan majalisarku ya zo yana cewa an kawo muku intanet mai gudun kaza, ka yi masa godiya cikin ladabi, sannan ka fito da kalkuletar wayarka. Raba da takwas. Cire nauyin buhu. Raba da yawan hannayen da ke kan akushi. Abin da ya rage shi ne naka, a kansa kuma ya kamata a yi magana.

Ni dai maki biyar na biya kafin in koyi wannan karatu. Kai ka same shi a kan 'yan kilobayit ɗin da wannan shafi ya ci maka. Gwada lissafin a daren yau, ka faɗa mana garinku da abin da ka samu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.